Ranar da Torab Mai Laima Ya Je Sayen Kyamara

Idan sama ta haɗa rai a garinmu Rajshahi, mutum ɗaya na sani da fuskarsa ke washewa: Torab Ali mai gyaran laima. Shekara talatin da 'yan kai yana zama a gindin tsohuwar ceɗiyar nan ta bakin kasuwar Saheb Bazar, da akwatinsa na katako, da filaya, da baƙin zare, da damin ƙasusuwan laima ɗaure da igiya kamar itacen girki. Gajere ne siriri, da ɗan gemu a haɓa wanda yake shafa wa lalle duk Juma'a. Ni maƙwabcinsa ne, shingen gora kawai ya raba mu, saboda haka abin da zan faɗa wani na gani da idona, wani kuma kunne ne ya tsinta ba da niyya ba.

Yakan ce laima ba ta mutuwa, sai dai mai ita ya gaji da ita. Ka kawo masa wadda iska ta juya cikinta waje, ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙo masa jariri, ya yi ta yi mata magana ƙasa-ƙasa har ta dawo hayyacinta. Ba ya fushi, ba ya gaggawa. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, shi ne cinikin farko. Duk mai sana'a a garin nan ya san wanda ya fara tsayawa a gabanka da safe shi ke ɗauke da rabon wuninka. Ba a barinsa ya juya bai saya ba, ba a kuma sayar wa na biyu kafin a gama da shi. Amma Torab ya ƙara wa abin gishiri. A wurinsa girman cinikin farko shi ne girman wunin. Wata safiya wani ya zo ya taya sabuwar laima, ya juya ta, ya buɗe, ya rufe, daga ƙarshe ya ce a ɗinke masa maɓallin riga kawai. Har magariba Torab na ƙunƙuni.

"Wanda ya buɗe maka da allura," in ji shi, "allura za ka wuni sayarwa."

Matarsa Moyna ba ta taɓa kiran sunansa ba, shi ma bai taɓa kiran nata a gaban mutane ba. Baban Shefali, Maman Shefali, shi ke nan, ko da yake Shefalin ta daɗe da aure tana Dhaka da 'ya'ya uku. Moyna 'yar mai zanen riksha ce, wato keken haya mai ƙafa uku, a gindin ubanta ta koyi riƙe buroshi, kuma da ita aka kawo gwangwanayen fenti gidan miji. A tsakar gida take aiki, ƙarƙashin mangwaro. Masu riksha su kawo farar langalangar da ake kafawa a bayan keken, bayan kwana uku su zo su ɗauki kogi, ko damisa cikin dogayen ciyayi, ko ɗawisu biyu suna kallon juna a kan furen bado. Jan fentinta ya yi suna. Ita ke haɗa shi da kanta, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa da me take haɗawa ba, har mijinta.

A shekarar da nake magana, ta dubu biyu da bakwai, abubuwa biyu suka taru mata. Daga Dhaka aka fara kawo zane na inji, a leda, a manna a minti biyar a rabin kuɗi. Sannan sanyin ƙashi ya kama yatsunta, da safe sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su yarda su lanƙwasa. Masu kawo aiki suka ragu har ya zama saura mutum ɗaya, tsoho Hekmat, wanda ya gaji da birni, zai tuƙa rikshansa ya koma ƙauyensu ranar Alhamis, yana so ya shiga gida da sabon baya.

Ranar Lahadi da la'asar ina ba tattabaruna hatsi na jiyo su ta shinge.

"Baban Shefali, kana ji?"

"Kunnuwan ai naki ne."

"Wannan na Hekmat shi ne na ƙarshe. In na gama zan wanke buroshi in ajiye."

"Haka kika ce bara."

"Bara baki ne ya faɗa. Bana hannu ne." Na ji ƙarar buroshi a bakin gwangwani. "Ka san abin da ke ci mini rai? Mai ginin tukwane tana da tukunya a ɗakinta. Mai saƙa tana rufa da abin da ta saƙa. Ni shekara talatin ina haihuwa, ko ɗaya babu a gidan nan. Kuma su ba kamar sauran 'ya'ya ba, in za su tafi fuskarsu ke kallona, suna ƙanƙancewa, har su sha kwana."

"Ai mun taɓa kiran mai hoto."

"Kada ka tuna mini. Ya karɓi kuɗinmu ya wanko mana farin wata a tsakiyar damisa."

Gaskiyarta. Fentin riksha ƙyalli gare shi kamar madubi. Da mai hoton nan ya saki walƙiyarsa, sai ta dawo masa, aka sami hoton haske da jelar damisa a gefe.

Bayan isha'i kaɗan sai ga Torab ya zagayo gidana yana sanɗa kamar ɓarawon kaza.

"Malam, kai da ka koyar da Turanci shekara da shekaru, kuma waƙa ba ta ci da kai ba, zo ka yi aikin lada."

Ashe tun bikin wani ɗan'uwansu yake ɗauke da abin a ransa. A can wani saurayi ya zo da 'yar kyamarar nan ta zamani, wadda ba a sa mata fim, kana ɗauka kana ganin hoton a bayanta nan take. Moyna ta karɓa ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta goge ta da gefen zanenta ta mayar. Wannan gogewar ce Torab ya gani. Damina biyu yana tara abin da ruwa ya kawo masa a cikin wata tsohuwar safa, ya kai dubu bakwai na taka, kuɗin ƙasarmu. Sau ɗaya zai iya saye. In ya yi kuskure, babu safa ta biyu, kuma Alhamis ba ta jira.

Amma ya tsara komai, ya ce. Kantunan da ke sayar da kyamara huɗu ne a garin. Litinin za mu zagaya su duka, kallo kawai. Talata ya kwana da shawara. Laraba ya saya. Yana son mai sauƙi, wadda ba sai an yi karatu ba, mai cin batir irin na tocila. Ya zaro wani guntun langalanga daga aljihu, tafin hannu guda, da ɗan jan tsuntsu a kai, cikin tarkacen da Moyna ke gwada launi.

"Wannan ne alƙali. Duk wadda ta ga tsuntsun nan yadda yake, ita ce."

Shiri mai kyau, ba shi da aibu sai guda. Torab mutumin asuba ne. Bai san yadda ake isa wuri a makare ba. Washegari ƙarfe tara saura muna bakin kantin farko, na wani matashi Poritosh Saha, daidai lokacin da ya ɗaga ƙyauren ƙarfe ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa. Torab, da idonsa ke kan gilashin da aka jera kyamarori, ya sa kai ya shiga. Ni ma ban lura ba sai da ƙamshin turaren tsinke ya bugi hancina, na ga Poritosh ya juyo daga gaban ɗan hoton abin bautarsa, ya buɗe hannuwa, haƙora duka a waje.

"Baffa! Shigo, shigo. Ƙafarka ce ta farko yau!"

Torab ya daskare. Ya dubi ƙafarsa kamar ta wani ce. Ya dube ni. Mutumin da ya yi shekara talatin yana wa'azin cinikin farko ya faɗa ramin da idonsa biyu.

"Ɗana," ya ce a hankali, "kallo na zo yi."

"Kalli, Baffa, kalli son ranka. Kallon mutumin farko ai rabin saye ne. A kawo shayi?"

Aka kawo shayi. Poritosh ya shimfiɗa jan ƙyalle a kan teburin gilashi ya fara jero su, sirara, masu sheƙi, kamar kifin da aka fito da shi yanzu daga kogin Padma.

"Wannan bakwai ce. Wannan takwas. Wannan kuwa goma, Baffa, goma cif."

"Goman me?"

"Megafiksal."

"Shi ɗin me yake yi?"

"Yawa ne, Baffa. Mai yawa ta fi mai kaɗan."

"Haka surukata ta ɗauki gishiri, Allah ya ji ƙanta. Wacce ce ba ta wuce dubu bakwai ba?"

Murmushin Poritosh ya ɗan rage tsawo. Ya janye uku, ya bar biyu. Torab ya ajiye guntun langalangarsa a kan teburin ya jingina shi da kofin shayi.

"Ɗauki wannan mu gani."

Poritosh ya saita, ya danna. Wal! Muka haɗa kai uku a kan ɗan gilashin bayan kyamarar. Farin wata, da ƙafar tsuntsu a ƙasansa. Ya ɗauki ta biyu. Wal! Farin wata. Don ya fitar da kansa kunya ya ɗauko mai goman, wadda kuɗinta zai sayi riksha sukutum. Ita ma farin watan ta ba mu, sai dai nata ya fi kyau.

"To ka gani," in ji Torab. "Wata sau goma."

Na ja shi gefe na yi masa raɗa: ya sayi batir guda biyu, ciniki ya faɗa, mu kama gabanmu. Ya yi mini kallon da ake yi wa wanda ya saki iska a masallaci.

"In taɓa kyamara, in sha shayinsa, in buɗe wa ɗan mutane da batir? So kake ya wuni sayar da batir ya kwana yana tsine wa kakata? Malam, ashe dai baitoci ba sa sa mutum hankali."

Haka muka zauna. Shi ba zai fita bai saya ba, ba zai kuma zuba kuɗin damina biyu a kan farin wata ba. Poritosh kuwa ba zai sake shi ba. Aka kawo shayi na biyu.

Wajen ƙarfe goma wani ɗan kwangila mai tumbi ya sauko daga riksha yana share gumi, zai sayi talabijin na kayan ɗakin 'yarsa, babba, kuɗi a hannu. Na ga Poritosh ya ƙyalla ido ya ga kuɗin. Amma ya tare shi a bakin ƙofa, ya jawo masa benci.

"Yallabai, ɗan zauna. Baffa bai buɗe ba tukuna."

Ɗan kwangilar ya leƙo, ya ga Torab, ya ga guntun langalanga jingine da kofi, ya gane. Bai yi musu ba. Shi ma ba ya fara gini sai an yanka zakara. Ya zauna yana huci. Bayan kwata ya fara ba da shawara daga waje.

"Tsoho, sayi kowacce mana! Mace ce fa za ka ba. Ta ga kwali mai kyau, shi ke nan."

"Kai taka matar kwali take ci?"

"Tawa zinariya take ci!"

"Shi ya sa gashin kanka ya gudu."

Poritosh ya fara rage kuɗi ba wanda ya taya. Dubu shida da ɗari takwas. Da ɗari biyar. Ƙarfe goma sha ɗaya ya ce dubu shida, ya rantse da kan 'ya'yansa ko kuɗin mota bai fitar ba.

"Ɗana, ko kyauta ka ba ni, farin wata farin wata ne. Ni tsuntsu nake nema."

A nan ne Turancina ya yi rana, karo na farko tun da na bar aji. Na ce a ba ni 'yan littattafan da ke cikin kwalayen. Rubutun ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Na cire tabarau, na mayar, na kai takardar bakin ƙofa. A shafi na ashirin da wani abu na tarar ashe ana iya kashe walƙiyar. Poritosh, wanda ya shekara biyu yana sayar da su, ya ce shi ma ya sani, mantawa ya yi. Muka bi bayanin: danna nan, ka shiga can, ka sauka uku, ka koma dama, ka sake dannawa. Da ka kashe kyamarar ka kunna, sai walƙiyar ta dawo, a sake sabon lale.

Torab ya girgiza kai. "Maman Shefali ba za ta ratsa ɗaki biyar don ta kashe fitila ɗaya ba. Da yatsun nan nata? Za ta jefa ta a rijiya, ta bi ni da buroshi. Babu wadda makashinta ke waje?"

Poritosh ya tuna da wani abu. Sannan ya durƙusa, ya kutsa hannu can ƙasan kanta, ya jawo wani kwali da ya sha ƙura. Ta shekarar da ta wuce ce, ya ce, biyar kacal, ba mai kallonta. Ya fito da ita yana jin kunya kamar mai nuna 'yar da ta rasa manemi. Kakkaura ce kamar sabulun wanki, launin toka, maɓallanta huɗu manya-manya, ɗaya da alamar walƙiya a kansa. Batir ɗin tocila biyu take ci. Torab ya auna ta a tafin hannu, na ga gemun ya motsa.

Ya danna maɓallin, walƙiya ta mutu. Ya ɗauka da kansa. Farin wata ya tafi, amma cikin kantin da duhu, tsuntsun ya fito baƙi-baƙi kamar an tsamo shi daga miya. Muka fita waje gaba ɗaya, har da ɗan kwangila. A waje kuma rana ta tsaya tsaka, ta faɗa kan langalangar ta yi abin da walƙiya ke yi, har ta fi.

"Shi ke nan," in ji ɗan kwangila. "Ciki duhu, waje wuta. 'Yata za ta tsufa a gida."

Torab ya matsa kusa da langalangar. Ya dubi tsuntsun, ya ɗaga kai ya dubi rana, irin kallon da yake wa laimar da aka ce masa ba ta gyaruwa. Sai ya zaro tasa daga hammata, baƙa, mai faci bakwai, wadda ko makabarta ba ya zuwa ba ita. Ya buɗe ta fat, ya miƙa wa ɗan kwangilar.

"Riƙe nan, Yallabai, ka yi amfani yau. Sama kaɗan. Kada inuwar tumbin ta shiga."

Inuwa ta sauka a kan langalangar, mai laushi, ga haske ko'ina amma babu ƙyalli. Torab ya danna. Muka haɗa kai huɗu.

Tsuntsun ne. Duk da ƙanƙantarsa, ga ƙwayar idon, ga layukan fiffike ɗaya bayan ɗaya, ga jan nan na Moyna, ja mai zurfi kamar cikin kankana da aka fasa da sanyin safiya. Poritosh ya yi ihu ya kira sunan abin bautarsa, ɗan kwangila ya yi hamdala da ƙarfi, wani mai sayar da ayaba da bai san me ake ciki ba ya taya mu tafi.

"Nawa?" in ji Torab.

"Ita wannan, Baffa, da safe da na ce maka dubu shida da ɗari biyar."

"Kuɗin safe ya tafi da safe. Na azahar nake tambaya."

A dubu biyar da ɗari takwas aka tsaya. Ɗan katin da hotuna ke zama a ciki kuwa ɗan kwangila ne ya biya, ya ce ko rigarsa ce zai bayar in dai zai rabu da bencin nan. Poritosh ya karɓi kuɗin da hannun dama, ya taɓa su a goshi, ya taɓa bakin aljihun teburinsa, sannan ya numfasa kamar wanda aka sauke wa buhu. Sauran kantuna ukun har yau Torab bai san cikinsu ba.

Saura bayarwa, kuma nan ne jarumin ya raunana. Shekara talatin da aure bai taɓa miƙa wa matarsa wani abu hannu da hannu ba in ban da jakar cefane. Saboda haka jakar cefanen ya nufa. Ya sayi alayyahu, da gauta, da 'yan ƙananan kifi, ya tura kwalin can ƙasa, ya roƙe ni in biyo shi in sha ruwa, wai ko da abin zai ɓaci a sami shaida.

Moyna ta zazzage jakar a tabarma kamar kullum, tana yi wa kowane abu shari'a.

"Wannan gautan da kakarsa aka haife shi? Kifin nan kuma, Baban Shefali, sayowa ka yi ko tausayinsu ka ji? Kullum sai an..." Hannunta ya taɓa kwali. Ta jawo shi. Ta karanta hoton da ke jiki, tunda rubutun ba nata ba ne. Ta daɗe.

"Na waye?"

"A jakarki yake."

"Nawa?"

"Araha."

"Baban Shefali. Nawa?"

"Kuɗin ruwa ne, sama ta bayar."

"Rufin ɗakin girki na yoyo tun bara, kai kuma ka je ka..."

"In ana ruwa zan riƙe miki laima."

Ta ja gefen zanenta ta rufe baki. Ban sani ba dariya ce ko ɗayar, don ta juya mana baya ta ce wa ya ga an bar baƙo ba shayi. Da ta dawo, shi ya nuna mata maɓallin walƙiya, ita kuma ta tsoma tsinken ashana a jan fentinta ta ɗiga masa alama, ta ɗiga kore a kan na ɗauka. Sauran biyun ta ce su zauna lafiya, ba ta da harka da su.

Alhamis da hantsi Hekmat ya iso da rikshansa, da ƙunshin kayansa ɗaure a kujera. Aka kafa langalangar da ƙusoshi huɗu. Kogi ne ta zana masa, da kwalekwale mai jan filafili, da wata mace a bakin gaɓa ta sa hannu a goshi tana hangen mai zuwa. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, Hekmat na ta kallon sama, yana da tafiyar wuni a gabansa.

Torab ya buɗe laima a kan zanen. Moyna ta ɗaga kyamara da hannu biyu, hannuwan na rawa. Hoton farko ƙafar Torab ce da silifas. Na biyu kogin ya fito kamar an girgiza shi a kwalba. Na uku ma haka.

"Yaya," in ji Hekmat, "ruwan nan fa ba ƙanina ba ne, ba zai jira ni ba."

"In ka matsa daga nan sai na zana maka jaki a goshi. Tsaya."

Na huɗu ya fi muni. Ta sauke hannu ta dubi yatsunta, Torab kuma ya rasa inda zai sa idonsa. Iska ta fara kaɗa ganyen mangwaro.

"Maman Shefali," ya ce, "in za ki ɗiga ƙwayar idon tsuntsu, yaya kike yi? Ai ban taɓa ganin kin kuskure ba, ko a bana."

Ta harare shi. Sannan ta jawo 'yar kujerar aikinta ta zauna, ta kafa gwiwar hannu biyu a kan gwiwoyinta, ta manne kyamarar kamar mai shan ruwa da ƙoƙo. Ta ja numfashi ta riƙe. Tsakar gidan duka ya riƙe tare da ita, har tattabaruna. Ƙyas.

Ta duba. Ta kai gilashin kusa da ido, ta nisanta shi. Ba ta nuna wa kowa ba.

"Hekmat, hau ka tafi. Ka gai da mutanen gida."

Ya hau, ya taka, ƙararrawarsa na kaɗawa har bakin lungu. Ɗigon farko ya faɗo a kan laimar.

"Ga shi can zai sha kwana," in ji Torab. "Ba za ki kalla ba?"

"Bar shi ya tafi," ta ce, kanta a sunkuye. "Yana nan."

Da na ɗauka a nan abin zai tsaya, amma mai ɗa ɗaya ai sai ya tuna da sauran. Tun daga makon nan, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, za ka gan su a titi, ita a gaba da kyamara rataye a wuya da 'yar kujerarta a hannu, shi a baya da laima, suna farautar tsofaffin zanenta. Matar da a da ba ta wuce bakin lungu, yanzu ita ke tsayar da riksha a tsakiyar Saheb Bazar da fasinja a ciki, ta ce a yi haƙuri minti ɗaya. Wasu sun koɗe, wasu an manna leda a kansu. Zuwa bazara sun kama arba'in da uku, Poritosh ya wanke mata su a takarda, ta jera a bangon ɗaki.

Na ƙarshen da na raka su, a bayan tashar jirgin ƙasa ne. Wata mata ta yi wa akurkin kajinta ƙofa da tsohuwar langalanga, duk tsatsa, da wata damisa a kai mai ƙafar gaba ɗaya gajera, fuskarta kamar ta kyanwar da aka zuba wa ruwa.

"Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan?" in ji Moyna.

Torab ya durƙusa ya goge kusurwar da yatsa. "Jan nan dai na san mai shi."

Ta sunkuya ta duba. Ta miƙe. "Ina da shekara goma sha biyar. Babana ya ce kada in kuskura in bayar, na bayar a ɓoye."

"To zauna ki ɗauka."

"A haka? Allah ya kiyaye. Gobe zan zo da buroshi in gyara ƙafar tukuna."

"Wannan ai maguɗi ne, Maman Shefali."

"Damisata ce."

"Kajin sun saba da ita a haka."

Mai akurkin ta fito tana tambayar ko lafiya. Na bar su su ukun suna ciniki a kan ƙofar kaji, na tafi neman shayi.